Filastar wiwi da ake mannawa a fata: tana maganin ciwon gwiwa da rashin barci kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifiyata ta haura shekara 60, tana fama da ciwon gwiwa da na baya, ga shi barci ba ya ɗaukarta sai dare ya raba. Ƙanena da ke zaune a Amurka ya ce can ana sayar da wata filasta da ake yi da nau'in wiwi marar sa maye, ana manna ta a fata tana rage ciwo tana kuma sa barci. Ya ce tunda daga ganye aka samo ta ba ta da illa, kuma yana so ya aiko mana. Hajiya tana shan maganin hawan jini. Shin filastar tana aiki, kuma akwai haɗari a cikinta?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya saka muku da alheri bisa kula da ita. A matsayina na mai aikin haɗa magunguna, shawarata ita ce kada ƙanenka ya aiko da wannan filasta. Dalilina ba wai sinadarin da ke cikinta na banza ba ne, domin magani ne na gaskiya a inda aka tabbatar da amfaninsa. Matsalar ita ce har yanzu babu hujja mai ƙarfi cewa filastar tana kai isasshen sinadarin inda ake bukata, ko kuma cewa sinadarin yana rage irin ciwon da ke damun Hajiya, sannan ga batun doka wanda zai iya jefa ku cikin wahalar da ta fi ciwon gwiwar.

Tsiron da ake samo wannan filasta daga gare shi jinsinsa ɗaya da tabar wiwi da kowa ya sani. Bambancin yana ga yawan sinadarin da ke sa maye, wanda ake kira THC. A watan Disamba na 2018 Amurka ta yi dokar noma da ta ce duk wiwin da THC ɗinsa bai wuce kashi 0.3 cikin 100 na busasshen nauyinsa ba, ba za a ƙara lissafa shi cikin miyagun ƙwayoyi ba, kuma shi ne ake rubutawa “hemp” a jikin kwali. Daga furensa da ganyensa ake tatso wani sinadari dabam mai suna CBD, wanda ba ya sa maye. Bayan wannan doka ne kasuwa ta cika da mai da alewa da man shafawa da filastoci masu ɗauke da sunan CBD, kuma kusan dukkansu ana sayar da su ne ba tare da sun bi matakan gwajin da ake yi wa magani ba.

Ya kamata ƙanenka ya sake duba kwalin da ya gani, domin filastocin iri biyu ne. Akwai waɗanda aka sa musu CBD, akwai kuma waɗanda man irin tsiron kawai aka sa musu. Man irin wiwi mai ne na abinci da shafawa, kusan babu CBD a cikinsa ko kaɗan. Kamfanin Amazon, alal misali, ya hana sayar da kayan CBD a shafinsa na Amurka, saboda haka filastocin da ake gani a can da hoton ganyen wiwi galibi na man iri ne. Idan aka karanta jerin abubuwan da aka haɗa su da su za a tarar da mantol da kafur, wani lokaci har da sinadarin barkono, kuma waɗannan ne ke sa mutum ya ji sanyi ko ɗumi a wurin. Wato dai abin da ke cikin man zafin da ake sayarwa a kowane kemis, sai dai an ninka masa kuɗi.

Shi CBD kansa an daɗe da saninsa. Roger Adams ne ya fara ware shi a Amurka a 1940, sannan Raphael Mechoulam ya bayyana tsarin ƙwayarsa a 1963. A watan Yuni na 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da wani ruwan magani na CBD mai suna Epidiolex domin wasu nau'o'in farfaɗiyar yara masu tsanani, waɗanda sauran magunguna suka kasa. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta bayyana cewa tsantsar CBD ba ya sa jaraba kamar yadda miyagun ƙwayoyi ke yi. Masu talla suna yawan kawo waɗannan bayanai biyu, kuma gaskiya ne, amma ba sa faɗin adadin da ake sha. Ana ba da Epidiolex ta baki, miligiram 10 zuwa 20 a kan kowane kilo na nauyin jiki a kowace rana. Mutum mai kilo 60 zai sha miligiram 600 zuwa 1,200 ke nan. Filastocin kasuwa kuwa yawanci gomomin miligiram ne aka rubuta a jikinsu.

Inda na fi so ka fahimta shi ne yadda magani ke ratsa fata, domin a nan ne tallan yake da rauni. Saman fatarmu akwai wani busasshen ɓawo da kaurinsa bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na milimita ba, amma shi ne ke hana ruwan jikinmu ƙafewa, yake kuma hana abubuwan waje shiga. Tsarinsa kamar katangar tubali ce, inda matattun ƙwayoyin fata su ne tubalin, maiƙo kuma shi ne laka da ta haɗa su. Duk maganin da zai shiga jini sai ya ratsa ta cikin wannan maiƙo, sannan ya fita daga cikinsa ya shiga ɓangaren fata mai ruwa-ruwa inda ƙananan jijiyoyin jini suke. Saboda haka sai maganin ya kasance yana narkewa a mai, yana kuma ɗan narkewa a ruwa, ƙwayar sinadarinsa ƙarama ce da ba ta wuce 500 ba a dalton, ma'aunin nauyin ƙwayar sinadari, kuma ƙarfinsa ya kai a ce ɗan kaɗan ya isa ya yi aiki. Magungunan da suka cika waɗannan sharuɗɗa ba su da yawa. Tun daga 1979 da aka amince da filastar farko, ta sikofolamin mai hana jiri da amai a tafiya, waɗanda suka biyo baya ana iya ƙirga su: ta ciwon ƙirji a 1981, ta fentanil mai kashe matsanancin ciwo a 1990, ta nikotin don masu son barin sigari a 1991, da wasu 'yan ƙalilan. Filastar fentanil tana aiki ne saboda abin da ake bukata daga gare ta bai kai miligiram 1 a awa ba.

CBD ya cika sharaɗin ƙanƙanta, domin nauyin ƙwayarsa 314 ne. Inda ya gaza shi ne yana son mai fiye da kima, kuma kusan ba ya narkewa a ruwa. Yana shiga maiƙon ɓawon fata cikin sauƙi, sai ya zauna a nan ya ƙi wucewa gaba. Masu bincike suna ƙoƙarin tura shi ta hanyar haɗa shi da sinadaran da ke sassauta ɓawon, kuma a gwaji an ga wani abu yana kaiwa jini, amma wannan ya dogara ne ga yadda aka ƙera kowace filasta, kuma mai saye ba shi da hanyar sanin haka.

Masu sayarwa suna da hujja ɗaya da ya kamata a yi mata adalci. Suna cewa idan aka sha CBD ta baki, hanji da hanta suna lalata mafi yawansa, har abin da ke kaiwa jini a cikin da babu abinci bai wuce kusan kashi 6 cikin 100 ba, alhali filasta tana kauce wa hanta. Wannan haka yake. To amma a yi lissafi: kashi 6 cikin 100 na miligiram 600 ya kama miligiram 36. Filastar da aka rubuta mata miligiram 40 sai ta zuba kusan duk abin da ke cikinta cikin jini kafin ta kai wannan adadi, kuma babu filastar da ke yin haka. Ko ta nikotin, wadda sinadarinta ke ratsa fata cikin sauƙi, ana cusa mata ninki biyu ko fiye na abin da take saki, domin ragowar tana maƙale a jikin filastar har a cire ta. Shi ya sa filastar da hukuma ta amince da ita take ɗauke da adadin da take saki, misali miligiram 21 a awa 24, domin an auna shi a jinin mutane. Filastar CBD abin da aka zuba a ciki kawai ake rubutawa, kuma wannan adadi ba ya gaya wa kowa abin da ya shiga jikin Hajiya.

Wani zai ce ai ba sai ya shiga jini ba, tunda gwiwa ce ke ciwo kuma a gwiwar za a manna. Wannan tunani ne mai ma'ana, kuma an gwada shi. A 2016 masu bincike a Jami'ar Kentucky sun shafa wa ɓeraye masu kumburin gaɓa man CBD, kumburin ya ragu, kuma wannan bincike ne kamfanoni da yawa suke dogara da shi har yau. Fatar ɓera dai ta fi ta mutum laushi da saurin tsotsa, gaɓarsa kuma tana dab da fata. Da aka zo kan mutane sai labari ya canza. A 2017 kamfanin Zynerba ya gwada man CBD da aka ƙera musamman don ratsa fata a kan mutum sama da 300 masu ciwon gwiwa na zaizayar gaɓa, wato irin wanda ya fi yawa ga masu shekarun Hajiya, ana shafa musu miligiram 250 ko 500 a rana har tsawon mako 12. Ciwon bai ragu ba fiye da na waɗanda aka shafa wa maganin wofi, wato mai iri ɗaya da babu CBD a ciki. Ka lura cewa adadin da aka shafa musu ya ninka na filastocin kasuwa sau da yawa. Akwai wani ƙaramin gwaji na 2022 a kan mutum 18 masu ciwon gaɓar babban yatsa, inda aka haɗa CBD da man kaɗanya aka shafa na mako 2, kuma an ga sauƙi. Ina ɗaukar wannan a matsayin dalilin ci gaba da bincike, amma mutum 18 a mako 2 ba su isa a gina shawara a kansu ba, kuma gaɓar yatsa ba ta da nisan gwiwa daga fata. A 2024 masana daga jami'o'in Bath da Oxford da Alberta sun tattara gwaje-gwaje 16 da aka yi wa CBD a kan ciwo, na sha da na shafawa, suka tarar 15 ba su nuna ya fi maganin wofi ba. Tun 2021 ma ƙungiyar masu nazarin ciwo ta duniya ta ce ba ta goyon bayan amfani da sinadaran wiwi don ciwo gaba ɗaya, saboda ƙarancin hujja.

Na san ƙanenka zai ce ya ga mutane da yawa suna yabon filastar, kuma ba na ganin ƙarya suke yi. Ciwon gaɓa yana tashi yana kwantawa, mutum kuma ya fi neman sabon magani a ranar da ciwon ya tsananta, saboda haka duk abin da ya manna ranar shi zai samu yabon sauƙin da ya biyo baya. Ga kuma sanyin mantol, ga kwanciyar hankalin cewa an yi wani abu. Wannan tasiri yana da girma a magungunan shafawa: a tattararren binciken Cochrane, ƙungiyar da ke tattara gwaje-gwajen magunguna tana tantance su, kan man dikulofenak don ciwon gaɓa, kusan kashi 60 cikin 100 na masu shafa maganin gaske sun samu sauƙi sosai, amma kusan kashi 50 na masu shafa na wofi su ma sun samu. Idan rabin mutane suna jin sauƙi da man da babu komai a ciki, to shaidar masu saye ba za ta iya raba mana mai aiki da marar aiki ba.

Game da barci da damuwa, zancen ya fi gajarta. Gwaje-gwajen da suka nuna CBD yana rage fargaba, kamar waɗanda aka yi a Barazil a kan masu tsoron magana a gaban jama'a, ta baki aka sha, miligiram 300 zuwa 600 a lokaci guda. Barci a ƙwaƙwalwa yake, sai sinadari ya shiga jini da yawa kafin ya kai can, kuma a nan ne filastar ta fi rauni.

Sai batun abin da ke cikin kwalin. A 2022 masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins sun sayi kayan CBD na shafawa da mannawa guda 105 a shaguna da intanet suka auna su. Cikin 89 da aka rubuta musu adadi, kashi 24 cikin 100 ne kawai rubutun ya yi daidai. Kashi 18 abin da ke ciki bai kai ba, kashi 58 kuma ya wuce. An samu THC a kashi 35 cikin 100 na dukkan kayan, har da wasu da aka rubuta musu cewa babu shi. Adadin bai kai na sa maye ba, amma ya isa ya zama magana idan jami'i ya kai kayan ɗakin gwaji.

Cewa abu daga ganye yake ba ya nufin ba shi da illa, domin zaƙami ma ganye ne. CBD mai yawa yana iya taɓa hanta, shi ya sa ake auna jinin masu shan Epidiolex a kai a kai, kuma yana rage saurin da hanta ke sarrafa wasu magunguna, har su taru a jiki. An tabbatar da haka a kan maganin tsinka jini na wafarin da wasu magungunan farfaɗiya, kuma amlodifin da masu hawan jini da yawa suke sha ta wannan hanyar hanta yake bi. A 2023 hukumar kula da abinci ta Birtaniya ta rage adadin da take ganin babba mai lafiya zai iya ci a rana daga miligiram 70 zuwa 10, FDA kuma ta gargaɗi masu juna biyu da masu shayarwa su guje shi. A ganina filasta ɗaya da wuya ta kai adadin da zai cutar da hanta, kuma dalilin shi ne dai wanda ya sa da wuya ta yi aiki. Illar da aka fi gani ita ce ta fata: ƙaiƙayi da ja da ƙuraje daga gam ɗin, musamman a fatar tsofaffi, kuma a zafinmu gumi yana ɓamɓare filasta kafin lokacinta.

Batun doka shi ne wanda ba na so ku ɗauke shi da wasa. Rabewar da Amurka ta yi tsakanin wiwi mai maye da marar maye ba ta cikin dokokin Najeriya. Dokar wiwi ta 1966 da dokar da ta kafa NDLEA a 1989 sun haramta tsiron da abin da aka tatso daga gare shi, kuma kunshin da aka aiko da sunanka kai za a tambaya a kansa. Gana ta yi doka a 2020, ta kuma gyara ta a 2023, wadda ta ba da damar noma nau'in da bai wuce kashi 0.3 ba, amma sai da lasisin gwamnati, kuma hakan bai shafi wanda ke Najeriya ba. Idan Hajiya tana da niyyar Hajji ko Umara, kada a kuskura a sa mata wannan filasta a jaka, domin Saudiyya tana hukunta shigo da kayan wiwi da tsanani, kuma rubutun “hemp” a kwali ba zai kare ta ba.

Abin da zai fi amfanar Hajiya shi ne a fara da sanin ciwon. Likita ya duba gwiwar da bayan, a auna sukarinta da aikin ƙodarta. Idan ciwon bayan yana tare da zazzaɓi ko rama ko gumin dare, ko ƙafa ta yi rauni, ko fitsari yana kufce mata, ko gwiwar ta kumbura ta yi zafi farat ɗaya, to a kai ta asibiti ba tare da jira ba, domin tarin fuka na ƙashin baya da ƙwayar cuta a gaɓa suna fara nuna kansu ta haka. Idan kuma zaizayar gaɓa ce, abin da ya fi kowane magani hujja shi ne motsa jiki mai ƙarfafa naman cinya, wanda likitan gashi, wato na gashin ƙashi da motsa jiki, zai koya mata ta riƙa yi a gida, tare da rage ƙiba idan akwai, da riƙe sanda a hannun da ba na gefen gwiwar mai ciwo ba. Rage tsuguno yana taimakawa sosai: masai na zama, kujera a madafa, da yin salla a zaune a ranakun da ciwon ya tashi, wanda malamai sun bayyana halaccinsa ga mai uzuri. Na shafawa kuwa, man dikulofenak shi ne wanda aka gwada a kan dubban mutane, yana da araha, kuma abin da yake shiga jini kaɗan ne idan aka kwatanta da ƙwayarsa. Ƙwayoyin dikulofenak da ibufurofen na sha kada ta riƙa shansu kullum ba da sanin likita ba, domin suna ɗaga hawan jini, suna cin ciki, suna kuma taɓa ƙoda. Haka nan a nisanta ta da haɗin ƙwayoyin da ake ƙullawa a leda a ce na sanyin ƙashi ne, saboda sau da yawa akwai deksametason a ciki, wanda ke kawo sauƙi da sauri amma yana ɗaga sukari da hawan jini, yana kuma raunana ƙashi.

Rashin barcin ma a bincika dalilinsa. Sau da yawa ciwon ne ke hana shi, kuma idan ya lafa barci yana dawowa. A duba ko tana cin goro ko shan shayi da yamma, ko tana doguwar ƙailula, ko fitsari ne ke tashinta. Idan cikin magungunan hawan jininta akwai mai sa fitsari kuma da dare take shansa, a gaya wa likitanta, domin mayar da shi safiya kaɗai yana iya gyara lamarin. Kuɗin da ƙanenka zai kashe a filastar wata ɗaya da kuɗin aikowa, ya turo su a biya awon jinin da zaman likitan gashi, a kuma saya mata kujerar masai da sanda mai kyau. Idan kuma akwai wani a gidan da ya riga ya fara amfani da kayan CBD, ya faɗa wa likitansa sunan kayan da adadin da aka rubuta a jiki, musamman idan yana shan maganin tsinka jini ko na farfaɗiya.